Allurar Malam a Turken Shanu

Da sunan Allah nake farawa, Shi da Ya san abin da ke ƙirjin kowa. Na rubuta wannan ne saboda masu jinya, musamman mace irina, wadda za a miƙa wa maganin mijinta a hannu, ta dawo gida kunya ta sa ta miƙa wa wani ya ajiye. Na kuma rubuta don a san abin da Garba ya yi. Yayan mijina ne. Shekara da shekaru ban iya kiran sunansa ba, Yaya nake cewa, in durƙusa har ƙasa. Yau ga shi na faɗa, Garba, kuma bakina bai karkace ba.

Sunana Hansatu. Ɗiyar makiyaya ce ni, daga wata ruga bayan Zakka, aure ya kawo ni Tsaskiya gidan manoma. Mijina, wanda zan ci gaba da kira Malam kamar yadda nake kiransa yana raye, shi ne ƙarami a gandun gidansu. Gona ɗaya, rumbu ɗaya, kuma tun da mahaifinsu ya rasu Garba ke riƙe da komai. Ko gishiri aka sayo, ɗakinsa yake fara shiga. A shekarar da aka daina fam da sule aka koma naira, Garba ya sayo shanun huɗa guda biyu da garma, na farko a unguwarmu. Ɗaya daga ciki wani ƙaton jan sa ne da yake kira Ɗan Ja. Wallahi ban taɓa ganin ya shafa kan ɗansa yadda yake shafa tozon san nan ba.

Tarin Malam bayan kaka ya fara. Busasshen tari ne, irin wanda ake cewa ƙaiƙayin sussuka ne, zai wuce. Bai wuce ba. Da la'asar jikinsa ya yi zafi, da safe in ɗaga tabarma in same ta sharkaf da gumi. Tuwon da yake cinye malmala biyu ya koma sai ya taɓa ya ture. Wata rana ya miƙe zai fita masallaci, na ga ya ƙara wa mazagin wandonsa ƙulli.

Shawara kuwa mun sha ta har ta ishe mu. Gwaggonsa ta ce zuma da tafarnuwa. Wani ya kawo kitsen damo. Wata ta ja ni bayan rumbu ta ce sammu ne, in bincika wanda Malam ya yi faɗan iyakar gona da shi. An yi rubutu an sha, an yi tofi. Garba da kansa ya kira wanzami, aka ce beli ne ya sauko, aka danne bawan Allah aka yanke. Ya yi kwanaki ko kunu ba ya wucewa sai da hawaye, tari kuma yana nan inda yake. Ba na zagin waɗanda suka kawo waɗannan, da zuciya ɗaya suka kawo. Amma lokaci suka ci mana.

Ranar da yake gyaran dangar bayan ɗakina ya yi tari ya tofar, na ga ja a ƙasa. Ya yi sauri ya tura ƙasa da ƙafa ya rufe, ya ɗauka ban gani ba. Washegari na ɗora shi a jaki muka tafi ɗakin shan magani na Safana. Disfensan, wani dattijo mai sanyin magana, Allah Ya kai haske kabarinsa, ya saurari bayansa, ya dube ni ya ce, "Ɗiyata, wanga ya fi ƙarfina. Ku tafi birni, kuma kada ku jira kasuwa ta zagayo."

Na faɗa wa Garba. Ya ce rumbu ba ya da abin sayarwa, kuɗin gandu duk sun tafi a shanu. Ban ja da shi ba. Ina da karsana a rugar Baffana mahaifina, wadda ya ba ni ranar da aka kai ni ɗaki. Na aika aka kora ta kasuwar Batsari. Da kuɗinta muka hau bayan wata akori-kura, Malam a kan buhun gero, ni ina tare shi da kafaɗa kada ya kife.

Asibitin birni kuwa, tirƙashi! Layin yankar kati daban, layin ganin likita daban, layin hoton ƙirji daban, layin kai majina daban, kuma kowanne sai ka kai gaba a ce an tashi. Lokacin ana ta faɗa a rediyo cewa kuɗin mai ya zo, ƙasa ta yi arziki. Mu dai a gindin darbejiya muka yi makon farko. Wata mai sayar da koko a bakin ƙofa ta ga halin da muke ciki, ta ba mu zauren gidanta. Ko sunanta na gaskiya ban sani ba, Iya ake ce mata, kuma har yau tana cikin addu'ata.

Likitan Ba'indiye ne, wata nas ke yi mana tafinta. Ya ɗaga hoton a taga ya nuna mini wani fari-fari kamar an watsa toka. Nas ta ce tarin tibi ne, amma yana warkewa. Allura kullum har wata biyu, ƙwayoyi kuma shekara guda cur. Sai likitan ya buga tebur da ɗan yatsa yana maimaita wata kalma, nas ta juyo ta ce, "Cewa yake sai ya gama kwas. Zai ji sauƙi tun kafin rabi, zai ce ya warke. Ƙarya ce, ciwon kwanciya kawai ya yi. In aka tsaya, in ya tashi ba ya jin wannan maganin kuma. Kin ji? Kwas." Na ce na ji. Kalmar nan ta zauna mini a ka kamar an buga ƙusa.

A tagar karɓar magani aka ba mu kaɗan, aka ce sauran babu a sito, mu je kemis. Maganin da aka ce kyauta ne, ashe takardar ce kyauta. Na tsaya gaban mai kemis na kwance bakin zane, karsanata ta koma kwali guda: ƙananan kwalaben allura jere reras, da ƙwayoyin watanni masu yawa, don ban san ranar da zan sake samun kuɗin mota ba.

Muna isowa gida, ban ko sauke kwalin daga kaina ba, Garba ya miƙo hannu. "Kawo, Hansatu. Ɗakin mata da yara ba wurin ajiye irin wannan ba ne." A gaban mutane ya faɗa, ana ta yi mana sannu da zuwa. Haka kuma ake yi a gidan, duk abu mai daraja akwatinsa yake shiga. Ni ɗiyar Fulani, an raine ni a kan ba a ce wa babba a'a. Na durƙusa na miƙa da hannu biyu.

Makonnin farko komai ya tafi daidai. Kullum da sassafe Garba ya fito da kwalba ɗaya da ƙwayoyin ranar, Malam ya haɗiye, ya hau jaki zuwa wurin disfensa a yi masa allura. Zazzaɓi ya sauka. Jini ya ɗauke. A mako na uku ya ce in dama masa fura da kauri, na dama ina dariya ni kaɗai kamar mahaukaciya. Aka duba ni da yarana biyu, aka ce ba mu ɗauka ba. Na yi sadakar waina.

Sai 'yan dubiya suka fara ba ni mamaki. Mutum zai shigo ya yi wa Malam ya jiki a tsaitsaye, ya fita ya daɗe a zauren Garba. Wata rana matar maƙwabcinmu ta tare ni a rijiya tana godiya, wai ƙwayar da Yaya ya ba mijinta ta sauke masa ciwon baya. Na ce wace ƙwaya? Ta ce 'yar farar nan ta birni mana. Ashe Garba ya zama likitan unguwa. Mai mura, mai ciwon gwiwa, mai basir, kowa ya zo a ɗebo masa biyu-biyu kamar goro, a sha godiya. Na sami Malam da maganar. Ya ce, "Haba Hansatu, guda biyu mi za su rage? Yaya ne. Kada ki jawo mana magana."

Bazara ta yi nisa, hadari ya fara haɗowa daga gabas, sai Ɗan Ja ya kwanta. Na tashi cikin shanu, kallo ɗaya na yi masa na gane: ya miƙa wuya, ya buɗe ƙafafun gaba, yana nishi. Ciwon huhu ne. A rugarmu irin wannan ware shi ake yi, a kira malaman dabbobi, ko a sa masa wuƙa. Na faɗa wa matar Garba ta faɗa masa. Aka ce in yi harkar gabana.

Ba a jima ba, wata safiya Malam ya je karɓar kwalbarsa, ya dawo hannu rabbana. Wai Yaya ya ce allura ta ƙare. Na ce ba ta ƙare ba, ni na ɗauko kwalin a kaina, na san nauyinsa, ko rabi ba a kai ba. Amma ta yaya matar ƙane za ta shiga turakar wa ta buɗe akwati? Kwana biyu ina cin zuciyata. A rana ta gaba na je turke kwasar kashin shanu zan yi daɓe. Na sa hannu cikin dusar da aka share gefe, sai na ji ƙarar gilashi. Na tono. Kwalaben Malam ne, fanko, tsibi guda, da murfinsu na roba duk an huda. Ɗan Ja yana tsaye yana tuƙa, ya fara murmurewa.

Ranar na shafa wa idona toka. Na tattaro su a bakin zane, na tafi har zaure, na zube su gaban Garba yana gyaran igiyar garma. Ban durƙusa ba.

"Yaya, mi ye wannan?"

Ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce a kasuwar Batsari wani mai allurar dabbobi ya duba kwalbar ya ce irinta ake yi wa shanu, har ya sayar masa da sirinji. Uku-uku yake haɗa wa san, saboda girman jiki.

Na ce, "Na ƙanenka ne! Da karsanata na saya!"

Ya ce, "Ke, rage murya. Huhu ai huhu ne, na mutum da na sa. Mijinki ga shi nan ya miƙe, jiya har kasuwa ya je. In san nan ya mutu ga ruwa ya kusa sauka, wa zai ja garma? Ke? Da abin da ya noma za ki ci, ke da 'ya'yanki."

Na ce likita ya ce sai ya gama kwas. Ya yi dariya ya ce, "Kwas! Malama Hansatu ta je birni ta iyo Turanci."

Wallahi da akwai taɓarya kusa da ni ranar, da labarin nan a gidan yari zan ba da shi.

Abin da ya fi ƙona mini rai, Malam ne ya zo ya ja ni, ya kuma ba wansa haƙuri. Mutumin kirki ne, Allah Ya jiƙansa, amma kirkinsa ya yi yawa har ya zama cuta ta biyu. Ya ce shi ya ji sauƙi, ba zai tona wa gidansu asiri a kan kwalba ba. Disfensa ya aiko har sau biyu yana tambaya mi ya hana shi zuwa. Da na je na faɗa masa gaskiya, ya dafe kai ya ce a koma birni maza. Da mi? Na roƙi Garba ya sayar da buhu biyu, ya yi kunnen uwar shegu da ni. Ƙwayoyin ma kafin tsakiyar damina sun ƙare a cikin mutanen unguwa. Malam ya koma gona, yana bin bayan san da ya shanye masa allura, yana riƙe da garma.

Gero ya yi kyau shekarar nan, ban ɓoye ba. Ana cikin ɗaurin dammuna tari ya dawo, kuma wannan karon bai zo da sallama ba. Jini kwano-kwano. Na je ruga na faɗi gaban Baffana ina kuka. Ya tashi ya kwance ɗan maraƙi. Na haɗa da tasoshin jerena da warwarona na azurfa. Aka sake layi, aka sake hoto, aka sake zauren Iya mai koko.

Likitan ya gane mu. Ya dubi sabon hoton ya dubi tsohon, bai buga tebur ba wannan karon. Nas ta tambaye ni mi ya faru, na faɗa. Ba ta fassara masa duka ba, na ga alama kunya ta ji. Ta ce ciwon yanzu ya san maganin farko, sai wani daban, mai tsada ninki, kuma ba su yi mini alkawarin komai ba. Aka kwantar da shi makonni, sannan aka sallame mu da takardar kemis.

Wannan karon a gwangwanin madara na zuba, na sa a ƙasan tukunyar da nake ajiye zannuwana. Garba ya aiko matarsa wai in kawo a ajiye. Na ce ta faɗa masa ya zo da kansa ya ɗauka. Bai zo ba. Ni nake ba Malam da hannuna, in tsaya sai ya haɗiye. Maganin yana sa shi amai, kunnensa ya yi nauyi, ya rame har ina ɗaga shi ni kaɗai in juya shi. Bai taɓa tsallake rana ba. Amma an riga an makara. Da bazara, wata Juma'a da hantsi, ya ce in buɗe masa asabari ya ga ko hadari ya haɗo. Kafin in juyo ya cika.

Disfensa ya zo gaisuwa. Da zai tafi ya tsaya bakin ƙofata ya ce, "Akwai ragowa ko?" Na ce fiye da rabi. Ya ce, "Kada ki ba kowa, ko uwarki ce. Guntun maganin nan ya fi rashinsa illa, kin gani da idonki. Kuma kada ki watsar a juji yara ko awaki su tsinta. Ki kawo mini, ko ki juye a masai, kwalaben ki binne da zurfi." Na ce to.

Ban kai masa ba, ban kuma juye ba. Ina cikin takaba, ina zaune a ɗaki, na fara jin wani tari daga ƙetaren danga. Busasshe. Na san shi kamar yadda na san muryar ɗana. Na ji matar Garba tana shanya tabarma kullum da safe. Na ji an kira wanzami. Na zauna da gwangwanina ina saurare, kuma in na ce ban ji sanyi a raina ba na yi ƙarya.

Da na fita takaba, Liman ya zo rabon gado. Ba wani abu Malam ya bari ba: gayaunarsa, keke, rediyo, riguna. Aka shimfiɗa kayan a tsakar gida, maza a gaba, mu mata a bakin ɗaki. Garba na zaune, wuyan riga ya yi masa yawa. Liman na shirin shafa fatiha, sai Garba ya yi gyaran murya ya ce, "Allah gafarta Malam, akwai abin da ba a fito da shi ba. Maganin mamaci. A yi masa kuɗi, ni zan ɗauka."

Na shiga na ɗauko gwangwanin, na tsaya da shi. Na ce, "Allah gafarta Malam, a tambayi mutanen nan, da dukiyar wa aka saya?" Gwaggon Malam, Allah Ya saka mata, ta ce, "Da tasoshinta da maraƙin ubanta." Liman ya ce to ba ya cikin gado, nata ne.

Garba ya buɗe baki, tari ya sarƙe shi. Ya daɗe yana yi, ya tofar, ya tura ƙasa da ƙafa ya rufe. Sannan ya ɗago, ido jajir, ya ce, "Hansatu, ki dubi Allah. Ciwo ɗaya ne da na ɗan'uwana."

Shekara guda da wani abu ina jiran wannan rana. Na ce, "Huhu ai huhu ne, ko ba haka ka ce ba, Yaya? Tashi ka je turke, ka tambayi Ɗan Ja ko ya rage maka."

Na juya na nufi bayan gida, kowa yana kallo. Na buɗe murfin masai na juye ƙwayoyin tas, na bubbuga gindin gwangwanin. Na ɗauki fartanya na haƙa rami na binne kwalaben, na taka da ƙafa. Mata suna salati, wata tana cewa ba ni da imani. Na dawo na ajiye masa gwangwanin fanko, na ce, "Guntu ba zai warkar da kai ba, kashe ka zai yi, haka disfensa ya ce. Motar Batsari da hantsi take tashi. Kati a taga ta farko ake yanka. Sanka kuma zai yi kuɗi." Gaskiya na faɗa masa, kowace kalma. Amma ba don tausayi na faɗa ba, kuma ya sani.

A ranar na kwashe yarana na koma ruga. Kasuwar da ta zagayo, ina zaune da ƙwaryar nono a Batsari, aka wuce da Ɗan Ja zuwa kara. Na bi shi da ido har mahauta suka sa masa igiya.

Garba ya warke. Wannan ne ban iya haɗiyewa ba har yau. Ya je birni, ya yi layi, ya sayo kwalinsa, ya sa wa akwati kwaɗo, ya rataya makullin a wuya kamar laya. An ce ɗan'uwan matarsa ya roƙi ƙwaya ɗaya, ya kore shi daga zaure. Shekara guda cur bai tsallake rana ba. Ashe ya ji, tun ranar farko ya ji mi ake nufi da kwas.

To, ke mai jinya, maganin da aka rubuta wa mutum nasa ne shi kaɗai. Ki riƙe a hannunki, ko da wa za a ɓata. Ya ji sauƙi ko bai ji ba, sai ya ƙare. Wanda ya rage kuma ba abin kyauta ba ne, ba abin gado ba ne, ki mayar ko ki juye inda hannu ba ya kaiwa.

Bayan wasu shekaru, lokacin da kowa ke hawa jirgi zuwa Makka, Garba ya biya kujera. Ya bi dangi gida-gida yana neman gafara kamar yadda ake yi, har ya iso rugarmu cikin farar riga, ya yi ƙiba. Ya tsuguna nesa da ni, shi da nake durƙusa wa, ya ce in yafe masa abin da ya wuce. Ina tatsa ne lokacin, ban tsaya ba.

Na ce, "Karsanata na yafe. Tasoshina na yafe. Sauran ba nawa ba ne, Garba. Mai shi yana maƙabartar Tsaskiya, gabas da tsamiya. Je ka tambaye shi."